Makarantar 'Ya'yanmu Da Haƙƙinmu A Kan Ƙaramar Hukuma

Jawabin da ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ta gabatar a bikin cikar ƙungiyarmu shekara 12 da kafuwa.



Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa. Hajiya Shugaba, Malama Sakatariya, Hajiya Ma'aji, wakilin mai girma Dagaci, Allah ya ƙara masa lafiya, iyayena, yayyena da ƙannena, 'ya'yana, da mazajenmu da suka daure suka zauna can baya, sannunku da zuwa. Waɗanda muka fara wannan tafiya tare suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makomarsu.

Da aka ce ni zan yi jawabi, na ɗauka a kan adashi ne ko biyan bashi a kan kari. Sai Hajiya Shugaba ta ce a'a, Malama, a kan makaranta za ki yi. Kun san dalili. A taronmu na watan jiya saura kaɗan a tashi baram-baram a kan ribar bana. Wasu sun ce a cire wani abu a yi wa firamaren unguwarmu benci, don yara a ƙasa suke zaune. Wasu suka ce ai wannan aikin gwamnati ne, da wanne za mu ji, da jarinmu ko da bencin gwamnati? Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Zan faɗi ra'ayina a kan bencin, amma sai can ƙarshe. Ku yi haƙuri da ni, malamar makaranta ba ta iya gajeriyar magana ba.

Ni 'yar UPE ce. A 1976 aka rubuta sunana a aji ɗaya, shekarar da aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa a ƙasar nan, lokacin da ake sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne kafin a ɗauke shi. A 1987 na fara koyarwa. Na sha ƙurar alli shekara 35, goma sha biyu daga ciki ina shugabar makaranta. Abin da zan faɗa muku da idona na gan shi.

Bara wata 'yar'uwarmu, tana cikin taron nan, ba zan kama suna ba, ta shigo gidana da 'yarta 'yar aji 5. Da murnarta ta zo, riƙe da takardar sakamako, wai yarinya ta zo ta bakwai a aji. Na sa mata albarka. Sai halin malanta ya motsa, na ɗauko littafin Hausa na 'yan aji 2 na ce ta karanta mini. Yarinya ta ƙura wa shafi ido, ta dubi hoto ta ce "akuya", daga nan shiru. Layi ɗaya ya gagara. Wannan yarinyar fa ita ke kai wa uwarta awara bakin titi da yamma. Ki ba ta naira 500 ki ce ta ba ki ta 150, kafin ki rufe baki ta miƙo miki canjin 350. Ashe ƙwaƙwalwa tana nan. Shekara biyar ana ɗinka mata kayan makaranta, ana sayen takalmi, ana ba ta kuɗin tara, amma ba a samu wanda ya zauna ya koya mata baƙi da wasali ba.

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, sai ya ce to in haka ne zaman me take yi a can? Gara ta dawo gida ta taya uwarta sana'a har Allah ya kawo miji. Ku gaya mini, da wane baki zan ce masa ya yi kuskure? Ta haka muke rasa 'ya'ya mata da yawa. Uban bai ƙi boko ba, ya dai duba ne bai ga abin da bokon ya tsinana ba. Na roƙe shi ya ba ni wata uku. Kullum bayan la'asar muna zaune a tabarma a tsakar gidana, ba, bi, bu, be, bo, muna haɗa gaɓa da gaɓa. Kafin wa'adin ya cika ta karanta wa babanta shafi guda a gabana. Yanzu tana aji 6, alhamdu lillahi.

Amma tambaya ta tsaya mini a rai. Abin da tsohuwa ta yi a wata uku a kan tabarma, me ya hana makaranta mai gini da allo ta yi shi a shekara biyar? Sai na je na bincika. A aji ɗaya sun haura ɗari, malama ɗaya ce a kansu, alhali manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya yara 35. A aji 2 aka yi wa malaminsu canjin wurin aiki, har shekara ta ƙare ba a kawo wani ba. Daga nan aka yi ta tura su gaba, aji bayan aji, kamar ana kora awaki.

To wa ya kamata ya kawo malamin nan? Mu mun saba da cewa "gwamnati". Gwamnati kuwa gida ne mai ƙofa uku, in ba ki san wadda za ki ƙwanƙwasa ba sai ki yini a waje.

Ƙofa ta farko tana Abuja. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta kafa hukumar UBEC, ta kuma ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai dai kafin jiha ta karɓi kuɗin gine-gine daga can, sai ta ajiye nata daidai da wanda za a ba ta, kamar dai yadda a nan ba ma ba ki bashi sai mun ga zubinki. Shi ya sa za ku ji a rediyo ana cewa kuɗin wasu jihohi suna kwance a Abuja ba a je an ɗauka ba.

Ƙofa ta biyu tana babban birnin jiha, wato SUBEB. Su ne masu manyan kwangilolin gini, da sayen littattafai, da ɗaukar yawancin malamai.

Ƙofa ta uku ita ce tamu, wadda kuɗin Keke Napep zai kai ki. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kowacce da hukumar iliminta, wadda muke ce wa LEA, da Sakataren Ilimi a kanta, wanda malamai ke kira ES. Tsarin Mulkin 1999 ma, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa samar da ilimin firamare da na manya da na sana'a, da kula da su, cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki. Sannan ga abin da da yawanmu ba su sani ba: a yawancin jihohi albashin malaman firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, tun kafin kuɗin su iso hannun ciyaman. Ke nan malamin da ke gaban ɗanki, da rabon garinku ake biyansa. In bai zo aiki ba, kuɗinki ne suka tafi a banza.

Na san wasunku sun ji hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a daina bi da su ta hannun gwamnoni. Mutane sun yi murna, ni ma na yi, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Amma mu tsofaffin malamai mun yi murnar ne da ɗar-ɗar, don mun taɓa gani. A 1991 gwamnatin soja ta miƙa firamare gaba ɗaya ga ƙananan hukumomi. Wallahi mun sha wuya. Sai a yi wata da watanni ba albashi, malamai suka yi ta yajin aiki, wasu suka koma gona da kasuwa, har sai da aka dawo da hukumar firamare ta ƙasa a 1993. Kwanan nan ma, a 2025, malaman firamare na Abuja sun yi sama da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ƙananan hukumomin can ba su fara biyansu ba, yara suna zaune a gida. Darasin shi ne, kuɗi su matso kusa da mu abu ne mai kyau, amma in ba ido a kansu, kusa da nesa duk ɗaya ne. Idon kuwa namu ne.

Yanzu bari in faɗa muku abubuwa huɗu da ke hannun ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, waɗanda ba sai an jira Abuja ba.

Na ɗaya, rabon malamai. Ku je makarantar da ke bakin titi a cikin gari, za ku tarar da malamai sun cika ƙarƙashin bishiya, wasu ba su da ajin shiga. Ku shiga ƙauye, malami biyu ne da aji shida. Kowa yana da wani babba da ya roƙar masa a bar shi kusa da gida. Biro ɗaya zai gyara wannan. Kuma ya kamata gwanayen malamai a kai su aji ɗaya zuwa uku, don can ake kafa harsashi. Mu kuwa mun saba tura wanda ya fi rauni wajen ƙananan yara, wai ai ba wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, duba makarantu. Akwai jami'an da aikinsu ke nan, su zagaya su ga ko malami ya zo, ko yana koyarwa. Na ga masu dubawa na ƙwarai da ke shiga aji su zauna a baya, su ɗaga yaro su ce karanta. Na kuma ga waɗanda iyakarsu ofishin hedimasta, su sa hannu a littafin baƙi, su sha lemo, su hau babur. Wasu kuma ba laifinsu ba ne, ko kuɗin mai ba a ba su.

Na uku, kayan aiki su isa hannun yara. Sau nawa littattafai ke zuwa daga jiha su kwanta a sito, gara tana ci, don ba motar rabawa, ko hedimasta ya kulle su a kabad yana tsoron kada su yage a tuhume shi? An yi shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara. Duk a kan abu ɗaya suka tsaya: littafi a hannun kowane yaro, da malamin da aka koya wa yadda zai yi amfani da shi, da mai zuwa ya duba shi.

Na huɗu, ƙananan gyare-gyare: rufin da iska ta yaye, famfon da ya lalace, ƙofar banɗaki. Maza ba sa ɗaukar banɗaki a bakin komai. Mu mun san yarinyar da ta fara girma, in ba wurin da za ta kewaya ta suturta kanta, kwanaki za ta yi a gida kowane wata, daga nan ta daina zuwa.

Ku lura, ban sa fenti a lissafina ba. Idan zaɓe ya matso za ku ga an shafe bangon da ke kallon titi, an kafa allo da sunan wanda ya yi aikin. Madalla, mun gode. Amma fenti ba ya karatu. Mu 'yan kasuwa ne, mun san ba a auna hatsi da kyan buhu, sai an sa mudu. Mudun makaranta shi ne yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi daidai ajinsa.

To mu me za mu yi? Zan ba ku labari ɗaya. Ina shugabar wata makaranta, iskar farkon damina ta kwashe rufin aji biyu. Na rubuta takarda zuwa ofis sau uku, shiru. Ban iya matsawa ba, don ni ma'aikaciyarsu ce, in na cika baki sai a jefa ni ƙauyen da mota ba ta zuwa. Sai iyaye mata wajen su ashirin suka sa hijabansu, mai unguwa a gaba, suka tafi sakatariya suka zauna a baranda. Ba zagi, ba hayaniya. Suka ce sun zo gaida ciyaman ne, su kuma ji ranar da za a rufe wa 'ya'yansu aji. Kafin sati uku an sauke kwano da katako. A ranar na gane cewa hedimasta yana tsoron canjin wurin aiki, amma uwa ba wanda ya isa ya yi mata canji.

Saboda haka ga shawarwarina, Malama Sakatariya ki rubuta.

Farko, kowace ta auna ɗanta a gida. An ce za a buga wannan jawabi a mujallar bikinmu. In ta fito, ki miƙa wa ɗanki ɗan aji 4 ko 5 ko 6, ki ce ya karanta miki sakin layi ɗaya. Ko ba ki yi boko ba, kunnenki zai gaya miki ko karatu yake ko kame-kame, kamar yadda kike gane yaron da bai riƙe haddarsa ta Islamiyya ba. In ya kasa, don Allah kada ki dake shi. Ba shi ya kasa ba.

Na biyu, mu shiga kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. Ya kamata kowace firamare ta gwamnati tana da shi, kuma a tsarinsa akwai kujerun mata, har da na ɗalibai. A wurare da yawa sunan matar hedimasta ko ƙanwar mai unguwa ake rubutawa don a cike takarda, ba ta taɓa zuwa taro ba. Mu nemi kujerun nan, mu zauna a kansu da gaske.

Na uku, mu buɗe littafi. Shekara 12 Hajiya Ma'aji tana riƙe da littafinmu, ko naira ɗaya ba ta taɓa ɓacewa ba a gano inda ta shiga ba. Matan da suka iya wannan, makaranta ba za ta gagare su ba. Kowace makaranta a ba ta mata biyu, su leƙa sau biyu a wata ba tare da sanarwa ba, da sallama da ladabi. Su rubuta: malamai nawa ne a takarda, nawa suka tarar a aji? Yara nawa ne a aji ɗaya? Akwai littafi a hannunsu? Akwai ruwa? Banɗakin mata yana da ƙofa? Shi ke nan.

Na huɗu, ƙarshen kowane zango mu kai abin da muka gani ofishin Sakataren Ilimi a rubuce. Kwafi biyu, a buga wa namu hatimi da kwanan wata, mu dawo da shi. A ba kansilanmu ɗaya, a kai wa mai girma Dagaci ɗaya. Maganar baki iska ce, amma takarda mai hatimi ba ta mantuwa. Kuma mu riƙa roƙon abu ɗaya a lokaci ɗaya. In kin ce "a gyara ilimi", za a ce miki in sha Allahu. In kin ce aji 2 na makaranta kaza ba shi da malami tun watan kaza, dole a ba ki amsa. Buƙatar da ke cin kuɗi kuma a kai ta kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafin kuɗin baɗi.

Na biyar, in 'yan siyasa sun zo da atamfa da sabulu da taliya, ba zan ce muku kome a kan karɓa ba, kowa ta san halin da take ciki. Amma ku buɗe musu littafin nan ku ce, ranka ya daɗe, ga abin da muka rubuta wa wanda ya gabace ka, kai me za ka yi?

Kada kuma mu je da faɗa. Yawancin malaman nan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, suna aiki cikin wahala, wata da ƙyar take kai ƙarshen wata. Malamar da muka tarar tana ƙoƙari, mu rubuta sunanta a takardar, mu ce a yaba mata. A ofis ɗin ma akwai mutanen kirki da ke jiran wanda zai ƙarfafa musu gwiwa.

Sai mu dawo kanmu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa ke riƙe yarinya da wanke-wanke har ƙarfe tara? Wa ke ɗora mata talla ranar kasuwa? Wa ke cewa yau Juma'a ce, ba sai an je ba? Mu ne. Ba za mu je mu tuhumi malami a kan makara ba alhali 'yarmu ta fi shi makara. Ina roƙon ƙungiya ta sa wannan cikin ƙa'idojinta: mai neman bashin jari, a tambaye ta ina 'ya'yanta suke da safe. Tallar ta jira a tashi daga makaranta. Ku kuma iyayenmu maza da ke baya, in mun ce za mu sakatariya, a ba mu izini, in da hali ma a raka mu.

To, maganar benci. Ra'ayina shi ne kada mu fara da kafinta, mu fara da takarda. Mu ƙirga yara, mu rubuta, mu je mu nemi haƙƙinsu, don kujera da littafi suna cikin abin da dokar 2004 ta ce kyauta ne. In mun saya yau ba tare da mun tambaya ba, gobe alli za a jira mu saya, jibi rufi, jarinmu kuwa bai kai nan ba. In an ba da wani abu ya rage kaɗan, sai mu cika, sadaka ce mai gudana. In kuwa ni za a bi, abin da za a cire daga ribar bana a sa shi a darasin yamma, a samu malamai biyu a riƙa ba su ɗan ihsani, su zauna da 'ya'yanmu da aka bari a baya har su iya haɗa baƙi. Yaron da ke zaune a tabarma yana karatu ya fi wanda ke kan benci yana kallon allo kamar bango. Wannan ra'ayina ne, hukunci na taro ne.

Abin da nake kiran ku gare shi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su jajis, suna bin ƙauyuka suna kai wa 'yan'uwansu mata ilimi, ana kiran ƙungiyar 'Yan Taru. Ba su da mota, ba su da waya. Mu muna da duka biyun, ga littafi, ga haɗin kai na shekara 12.

Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, bayan Hajiya Ma'aji ta karanta mana lissafin kuɗi, ina so a kira yara goma daga cikin waɗanda suka kasa karanta mujallar bana, su tsaya a nan su karanta mana ta baɗi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ku yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.